Lamba ta Biyu a Takardar Sa'ad

Duk wanda ya san Inna Sadiyatu a unguwar Hubbare ta Sakkwato ya san ba mace ba ce mai damuwa da kayan zamani. Rediyonta ya girmi 'yarta, tabaraunta an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, kuma har gobe ba ta yarda shinkafar da aka dafa a kan gas ta kamo ƙafar ta itace ba. Shi ya sa abin ya tsaya wa Shamsiyya a rai, ganin tsohuwar ba ta rabuwa da 'yar ƙaramar wayarta mai madannai. A bakin zani take ƙulle ta kamar goro. Da ita take shiga madafa, da ita take zama gaban matan unguwa masu zuwa ɗaukar karatu da hantsi, in za ta yi salla kuma sai ta kwance ta ta ajiye a gefen darduma.

Shamsiyya malamar firamare ce, tana aure a unguwar Mabera. Allah ya ba ta baki, bai haɗa mata da birki ba, wannan kowa ya shaida, har mijinta. Kowace Alhamis in an tashi makaranta takan hau keke-napep ta zo ta wuni wurin mahaifiyarta. A irin wannan zuwan ne, suna zaune a inuwar darbejiyar tsakar gida suna tsinke zogale, wayar ta yi ƙara. Inna ta zabura ta kwance ƙullin, ta kara a kunne. Ta daɗe tana saurare. Daga ƙarshe ta ce, "To. Madalla," ta sauke wayar, ta miƙe ta shige ɗaki ta bar zogalen a faranti.

Karo na uku ke nan Shamsiyya na ganin haka. Da Inna ta fito, idanunta sun kaɗa, sai ta tare ta.

"Inna, wa ka kiranki haka kullum?"

"Mutane na."

"Waɗanne mutane?"

"Ke dai tsinke zogalenki, rana na yi."

Iyakar abin da ta samu ke nan. Amma ta ga yadda uwar ta zube, wuyan rigarta ya yi mata yawa, kuma matan da ke karatu sun faɗa mata malamarsu ta daina kwanciyar rana, wai sai dai ta zauna a bakin gado da waya a cinya.

Shekara ɗaya da wata bakwai ke nan da rasuwar Sa'ad, yayan Shamsiyya. Sanƙarau ne ya kama shi a tsakiyar bazara, kwana uku kacal ya yi. Ya karanta lantarki, ya gama bautar ƙasa, yana ta neman aiki bai kai ga samu ba. Shi ne ya ɗora farantin sola guda a kan rufin ɗakin Inna, ya ja waya ya haɗa mata fanka da ƙwan fitila biyu da wurin caji. Mahaifinsu Malam Lawwali ya riga shi da shekaru, don haka gidan ya koma daga Inna sai almajiranta mata.

Sa'ad ɗan fari ne, Inna kuwa ta tashi a gidan da uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ta ga dama ma sai ta yi kamar ba ta san da zamansa ba. Tun yana goye "wancan" take ce masa, kuma da "wancan" ya yi gemu. Ranar da aka fita da shi ba wanda ya ga hawayenta. Mata suka yi ta yaba dauriyarta, ita kuma ta karɓi yabon ta haɗiye tare da sauran abin da ta haɗiye.

Asirin wayar ya tonu ne a Alhamis ta gaba. Inna ta ta da kabbarar la'asar, wayar na gefen darduma, sai ga kira. Shamsiyya ta ga bayan uwar ya ƙage, amma mai salla ba shi da yadda zai yi. Ta miƙa hannu ta ɗauka. Muryar wata mace ce, da Turanci mai santsi irin na mutanen Legas, tana tambaya ko za ta iya magana da Sa'ad Lawwali. Sun ga takardarsa ta neman aiki a shafin intanet na Gurbinka, suna so ya zo intabiyu ranar Litinin.

Shamsiyya, mai bakin nan, da ƙyar ta ce ya rasu. Matar ta ce ayya, ta yi haƙuri, ta kashe.

Sai ta shiga jerin kiran da ke cikin wayar. Baƙin lambobi ne jere, wasu na makon nan, wasu na watan jiya, har inda ƙwaƙwalwar 'yar wayar ta tsaya. Da Inna ta sallame, ba ta juyo ba, ta ci gaba da jan tasbaha.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun bayan arba'in."

"Kuma ba ki hwaɗa ma kowa ba? Mi kika ce musu in sun kira?"

"Mi zan ce? Su yi ta Turancinsu, in ji sun ambace shi, in ce madalla."

"Ki ce musu ya rasu mana!"

Sai a lokacin Inna ta juyo ta dube ta. "Da wane baki?" ta ce. Sannan ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa. "Wancan ya ishe ni nan inda nike zaune, lokacin da anka sace mai waya kasuwa. Yac ce ya sa lambata cikin takardarshi ta neman aiki, in ba a same shi ba ni za a kira. Yac ce, Inna, don Allah kak ki ƙi ɗauka. Nic ce to. Abu guda ɗai yat taɓa roƙona tun da ya yi wayo."

Tausayi da haushi suka taru suka kama Shamsiyya. Ashe layin Sa'ad da ya mutu bayansa shi ya sa kowane kira ke gangarowa kan lamba ta biyu. Ashe wata goma sha bakwai ke nan baƙi na kiran uwar suna ambata mata cikakken sunan da ita ba ta taɓa furtawa ba, suna nemansa kamar ya fita sayen kati ne zai dawo. Ta ce a sauya layi kawai a huta. Inna ta ce ba za a sauya ba, wannan lambar ya rubuta. Ta ce to a bar mata wayar ta tafi da ita Mabera. Inna ta miƙo hannu, ta karɓi abarta, ta mayar bakin zani ta ƙulle.

Hanya ɗaya ta rage, a sa masu kiran su daina kira. Shamsiyya ta ɗauka aikin minti biyar ne. Ta buɗe shafin Gurbinka a babbar wayarta, ta nemi inda ake goge takarda. Shafin ya ce sai mai takardar ya shiga da kalmar sirrinsa. Ta danna wurin waɗanda suka manta, ya ce ya tura lambobi zuwa layin Sa'ad, layin da kamfanin waya ya daɗe da rufewa. Ta nemi lambar da za ta kira ta yi magana da ɗan Adam, babu. Ta rubuta musu wasiƙa ta imel, ta yi bayani tiryan-tiryan, da ladabin da ba ta saba da shi ba. Kafin ta ajiye wayar amsa ta dawo, da Turanci, da fara'arta: Barka dai Sa'ad! Mun ji daɗin saƙonka. Kamfanoni goma sha huɗu sun duba takardarka a wannan watan, kada ka karaya.

Ta rubuta ta biyu, wannan karon ba ladabi. Amsar da ta dawo ita ce dai ta farko, ko waƙafi ba a sauya ba. Ta tuna ranar da Sa'ad ya cika fom ɗin nan a waya, yana dariya yana cewa sharuɗɗansu sun fi littafin lissafi tsawo, ya danna "na yarda" bai karanta ba, kamar yadda ni da kai muke yi. Wa zai zauna karatun sharaɗi alhali yana neman abin yi?

Mako biyu ta yi tana wannan fama. Saboda haka mutumin da ya kira ranar wata Alhamis da azahar, Inna na salla, bai san garwashin da ya taka ba. Sallama ya yi da Hausa, Hausar ma ta gida.

"Don Allah ko nan ne zan samu Sa'ad Lawwali? Sunana Abdulshakur, ina da ɗan kamfanin sola nan Sama Road. Na ga takardarshi..."

Bai kai ƙarshe ba. Shamsiyya ta fice zaure da wayar, ta buɗe masa wuta. Ta tambaye shi ko ba su da iyaye. Ta tambaye shi ko a kabari suke ɗaukar ma'aikata yanzu. Ta ce mutum ya kwanta dama shekara da watanni, sun hana uwarsa barci, sun hana ta ci, su da na'urarsu marar imani, kuma ta bar su da Allah, dukkansu, daga mai shafin har mai kiran. Ta faɗi wasu abubuwan ma da ba zan maimaita ba. Sai da numfashinta ya ƙare ta tsaya, tana jiran ya kashe kamar sauran.

Bai kashe ba. Ta ji ya ja numfashi ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita. Sannan ya ce, "Allah shi jiƙanai, Allah shi gahwarta mai. Malama, wallahi ban sani ba. Wagga lambar ta mahaihiyarshi ta?"

"Tata ta."

"Subhanallahi. Ina ne gidan? In kun yarda ina son in zo in yi ta'aziyya."

Ta so ta ce ba sa bukata. Amma mai neman yin ta'aziyya ba a korarsa, ko Shamsiyya ta san wannan. Ta kwatanta masa a gajarce, ta bayan Hubbare, lungu na biyu, gida mai darbejiya, tana da yaƙinin ba zai zo ba.

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi, a wata tsohuwar a-kori-kura da tsani ɗaure a bayanta. Mutum ne gajere mai furfura jefi-jefi a gemu, hannayensa duk sun yi kanta. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmar Inna, ya yi gaisuwa, ya yi addu'a doguwa. Inna ta amsa da amin, kanta a sunkuye. Cikin duk waɗanda suka kira lambar nan, shi ne na farko da ya tako ƙafa.

Da aka shafa, ya ciro wayarsa ya miƙa wa Shamsiyya. "Malama, dibi abin da ni aka nuna min."

Hoton Sa'ad ne, da farar rigar da ya saya don ɗaukar hoton. A gefensa ga wani koren ɗigo, ƙarƙashinsa an rubuta cewa yana neman aiki, kuma ya leƙa shafin a wannan makon.

"Wannan makon?" in ji Shamsiyya. "Wa ya leƙa?"

"Ba kowa. Jiya na tambayi wani da ya san harkar. Yac ce wasu shahuka haka suka yi, in takarda ta tsuhwa sai na'ura ta sabunta kwanan watanta, don mu masu biyan kuɗin rajista mu ga mutane tuli mu ce shahin na da albarka. Mutum ya samu aiki, ko ya bar garin, ko ya bar duniyar, duk ɗaya na gare su." Ya girgiza kai. "Ni ko ga ni ina biya, ina kira. Da hannuna ciki, Malama. Abin da kinka hwaɗa min ran nan, ban ga laihinki ba."

Kunya ta rufe Shamsiyya, ta rasa inda za ta sa idonta. Ta ɗora shi kan fankar ɗakin Inna, wadda ke juyawa da ƙyar tana ƙugi. Shi ma sai ya bi ta da kallo, irin kallon da mai sana'a ke yi wa abin sana'arsa ko a gidan makoki.

"Wa ya haɗa muku wagga?"

Inna ce ta amsa, ba ta ɗago ba. "Wancan na."

Ya nemi izini, aka ba shi. Ya sauke tsaninsa ya hau rufin, ya share ƙurar da ta lulluɓe farantin, ya sauko ya buɗe akwatin batir, ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har inda suka shige bango. Ya daɗe a tsugune yana kallon yadda aka naɗe kowane haɗi, aka lakaba wa kowace waya 'yar takarda da rubutun hannu. Ya ɗaure wani kusa da ya saki, fanka ta ɗauki gudu, ya wanke hannu. Da zai tafi ya ce a ba shi hoton takardar asibiti ta shaidar rasuwa, kuma a ba shi lokaci.

Abin da ya biyo baya Shamsiyya ta san shi ne ta saƙonnin da yake turo mata, gajeru, ba ado. Ashe ƙofar da aka rufe wa mai neman aiki a buɗe take ga mai biya. Shi yana da lambar da zai kira mutum ya ɗauka, har da wata ma'aikaciya da aka ware don kula da shi. Ya kira ta ya faɗa mata. Ta ce za ta duba. Bayan kwana huɗu ya sake kira, ta ce ana dubawa. Ya ce to, shi ma zai duba ko akwai dalilin da zai sa ya sabunta rajistarsa. Washegari aka goge takardar Sa'ad daga Gurbinka.

Shamsiyya ta yi hamdala, ta ɗauka an gama. Kwana uku tsakani aka sake kiran Inna.

Da Abdulshakur ya bincika, sai ga shi sharuɗɗan nan da ba a karantawa sun ba shafin damar raba takardun mutane da waɗanda ya kira abokan hulɗa. Takardar Sa'ad, da hotonsa, da kwatancen gidansu, da lambar tsohuwar da ba ta taɓa ganin intanet da idonta ba, duk suna zaune a wasu shafuka uku da shi Sa'ad bai taɓa jin sunansu ba. Wani ya isa ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa a nan, kuma ba wanda zai zarge shi. Shi sai ya ɗauki abin kamar wayar da ta yanke a cikin bango, wadda ba a barinta sai an gano inda ta tsinke. Ya sa 'yar Gurbinka ta ba shi sunayen shafukan. Ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya kai maganar zauren tattaunawa na waya na masu kamfanoni da shaguna na Sakkwato, ya sa hoton koren ɗigon nan, ya ce ga abin da muke saye. Mutum tara suka sa hannu a wasiƙar da ya rubuta, cewa ko a daina sabunta takardun da masu su ba su taɓa ba, a kuma buɗe wa iyalai hanyar cire ta mamaci, ko su janye gaba ɗaya. Gurbinka suka amsa da alkawarin gyara. Ko sun cika wa kowa, Allah ne masani, ni dai ban bi sawu ba. Abin da na sani shi ne mako biyar bayan zuwansa na farko, baƙin lambobi suka ɗauke daga wayar Inna ɗif.

To amma Inna ba ta kwance wayar daga bakin zani ba. Nan ne hankalin Shamsiyya ya sake tashi. Kiran ya tsaya, tsohuwar kuwa tana nan zaune da rana a bakin gado, tana duba fuskar wayar ko caji ya ƙare. Da, jiran kira take yi da fargaba. Yanzu jira take yi kawai, kuma Shamsiyya ta rasa wanne ya fi ciwo. Ta faɗa wa Abdulshakur haka a saƙon godiyar da ta tura masa, ba don tana tsammanin yana da magani ba, sai don ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Ya dawo ranar wata Asabar, da ambulan ruwan ƙasa a hannu. Ya durƙusa inda ya durƙusa a karon farko. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, na zo da magana biyu. Ta hwarko, an cire takardar ko'ina, ba mai sake kiranki insha Allahu. Wagga da ke hannuna ita ɗai ta rage, na buga ta tun ran da niy yi kira. Ba tawa ba ta, taku ta."

Ya ajiye ambulan a bakin tabarma.

"Ta biyu kuma, ban sani ba ko ta dace, in ba ta dace ba ki yahe min. Mutum ɗaya nika nema. Takardu sun hi arba'in, na ware ukku, tashi takardar ab bisa. Ran da niz zo na hau ruhinki na ga aikin hannunai. Shekara ashirin ina wagga sana'a, ban cika ganin haɗi mai tsabta irin wannan ba. Ba sai na yi mai tambaya ko ɗaya ba. Wallahi da shina raye, shi zan ɗauka. Kiran da yac ce ki jira, an yi shi, Inna, kuma an ɗauka."

Inna ta daɗe tana kallon ambulan ɗin.

"Ashe ya samu," ta ce.

"Ya samu, Inna."

"Alhamdu lillahi." Ta jinjina kai a hankali. "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Allah shi sa ɗiyanka su yi maka abin da kay yi muna. Allah shi ruhe asirinka duniya da lahira."

Shamsiyya ta raka shi zaure. Ta shirya jawabi tun daga Mabera, na neman gafara da na godiya, amma da ta buɗe baki sai kuka ya riga maganar. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Malam, mun gode. Ka yahe min bakina." Ya yi murmushi ya ce ai da bakin nata bai yi zafi ba, da ya ce ayya ya kashe kamar kowa. Har a-kori-kurar ta sha kwanar lungu tana tsaye tana sa masa albarka a zuci, mutumin da ba dangin iya ba na baba, wanda zagi ne ya haɗa su.

Ta koma ciki ta tarar Inna ta ciro takardar, ta riƙe ta da hannu biyu, tana kallon hoton. Turanci ne, Inna kuwa ajami da Larabci ta iya.

"Karanta min, ki juya min da Hausa."

Shamsiyya ta karɓa, ta tsallake layin farko kamar yadda aka saba a gidan, ta fara daga makarantun da ya yi.

"A'a," in ji Inna. "Daga bisa."

Shamsiyya ta dube ta. Tsohuwar ba ta kawar da kai ba.

"Sa'ad Lawwali," ta karanta.

Inna ta lumshe ido. Leɓunanta suka motsa, ba sauti, amma Shamsiyya ta ga abin da suka faɗa. Sai ga hawaye, na farko da wani mahaluki ya gani, suna bin kuncinta ba ta share ba.

Ta ci gaba da karantawa. Makarantu, bautar ƙasa, solar da ya haɗa wa masallacin lungu da makarantar matan unguwa ba tare da an biya shi ba. A can ƙasa, inda aka bar wuri don ƙarin bayani ga mai ɗaukar aiki, ya rubuta layi biyu. Shamsiyya ta karanta su a zuci tukuna, sannan ta juya su.

"Yac ce, in ba a same ni a lamba ta hwarko ba, a kira ta biyu. Ta mahaihiyata ta. Ba ta jin Turanci, amma a yi hanƙuri a bar saƙo, ba ta taɓa yin sakaci da abin da ya shahe ni ba."

Inna ta sa gefen mayafi ta rufe fuskarta. Shamsiyya ta matsa ta jingina da kafaɗarta, abin da rabonta da yi tun tana 'yar firamare, suka zauna a haka har inuwar darbejiya ta janye daga kan tabarmar.

Da aka kira azahar Inna ta yi salla, ta ninke takardar ta sa a cikin gafakar da take ajiye littattafanta. Sannan ta kai hannu bakin zani ta kwance ƙullin. Wurin ya riga ya yi shaidar wayar, ya kumbura ya koɗe. Ta jujjuya 'yar wayar a tafin hannu, ta miƙo wa Shamsiyya ita.

"Mi aka dannawa a kashe ta? Ina son in ɗan kwanta."

Shamsiyya ta nuna mata jan madannin, ta ce a danne shi a riƙe. Inna ta ce ta bari, ita za ta yi da kanta. Ta danna da babban yatsa har hasken ya ɗauke, ta ajiye wayar a kan taga, ta shiga ɗaki ta kwanta ƙarƙashin fankar.